Alƙalin Sulhu Ko Yajin Aiki: Zaɓen Hanyar Raba Gardamar Albashi Bisa Tarihin Besbol Na Amurka

Duk ƙungiyar ma'aikata da ta zauna rubuta yarjejeniya da masu ɗaukar aiki, haka ma abokan kasuwanci biyu da ke shirin sa hannu a kwantiragi mai tsawo, akwai sashe guda da akan bari sai can ƙarshe, lokacin da kowa ya gaji, alhali shi ne za a fara buɗewa ranar da aka ɓata: wa zai raba gardama, kuma ta wace hanya? Babbar gasar besbol ta Amurka da Kanada, wato MLB, ta shafe sama da shekara hamsin tana gwada amsoshin wannan tambaya, kuma da yake albashin 'yan wasanta a bayyane yake ga kowa, ana iya bin sawun abin da kowace hanya ta haifar dala bayan dala. Hanyoyi uku ne suka fi fitowa fili. Akwai alƙalin sulhu da aka ɗaure wa hannu, wanda dole ya ɗauki ɗaya daga cikin tayi biyu. Akwai alƙalin sulhu da aka sakar wa hannu ya fassara yarjejeniya ko ya yanke abin da ya ga ya dace. Sannan akwai yajin aiki, tare da takwaransa na ɓangaren masu kulob, wato rufe wa 'yan wasa ƙofa.

Hanya ta farko ita ce wadda besbol ya yi suna da ita, har lauyoyin haraji da na inshorar lafiya suka ara suna kiranta da sunan wasan. An shigar da ita yarjejeniyar 1973, aka fara amfani da ita a 1974. Ɗan wasan da bai cika shekara uku a babbar gasa ba, kulob ne ke yanka masa albashi, yawanci kusa da mafi ƙanƙanta. Wanda ya cika shekara shida yana da 'yancin sayar da gwanintarsa ga duk kulob ɗin da ya fi biya. Waɗanda ke tsakanin nan, daga shekara uku zuwa shida, tare da kashi 22 cikin ɗari na masu shekara biyu da suka fi daɗewa, su ne ke da haƙƙin kai gardamar albashinsu gaban sulhu. A watan Janairu ɗan wasa yana miƙa adadin da yake nema, kulob ya miƙa nasa, kuma daga nan babu mai ƙara ko rage sisin kwabo a takardar da za a kai gaban alƙalai.

Zaman kansa yana da kyau a dube shi kusa, domin a tsarinsa ne amfaninsa da illarsa suke. Ana yin sa a ɗakin taro na otal, a Florida ko Arizona, gaban alƙalai uku da ɓangarorin biyu suka amince da su tun farko. Kafin a fara, ɗan wasa da kulob sun riga sun sa hannu a kwantiragin shekara guda da aka cike komai nasa, in ban da gurbin albashi da aka bari fanko. Kowane ɓangare yana da sa'a guda ya kawo hujjarsa, sai rabin sa'a na mayar da martani. An ƙayyade abin da za a duba: rawar da ɗan wasa ya taka a kakar da ta wuce, daɗewarsa da ɗorewar ƙoƙarinsa, albashinsa na baya, albashin takwarorinsa, lafiyarsa, da matsayin kulob a gasa da yawan 'yan kallonsa. An kuma hana kawo wasu abubuwa, kamar halin aljihun kulob ko na ɗan wasa, da maganganun 'yan jarida, da tayin da aka yi wa juna lokacin ciniki. Ɗan wasan yana zaune a ɗaya gefen tebur yana sauraron lauyoyin kulob ɗinsa suna jero gazawarsa ɗaya bayan ɗaya. Yawanci washegari alƙalai su cike gurbin da ɗaya daga cikin lambobin biyu, ba tare da rubuta dalili ko na layi guda ba.

Hikimar ɗaure wa alƙali hannu tana fitowa ne idan aka kwatanta da abin da kowa ya sani a kasuwa. Idan mai saye da mai sayarwa sun san cewa dillali zai raba tsaka ne, mai kaya zai tsuga kuɗi, mai saye ya taya da arha ta wulaƙanci, domin duk wanda ya faɗi gaskiyar farashi tun farko shi zai yi asara. Wani masanin tattalin arziki, Carl Stevens, ya ba da shawara tun 1966 cewa a hana raba tsaka ɗungurungum, ta yadda wanda ya wuce gona da iri zai rasa duka. A aikace tambayar da ke gaban alƙalai guda ce: darajar ɗan wasan tana sama da tsakiyar lambobin biyu ko tana ƙasa? A 2024 Vladimir Guerrero Jr. ya nemi dala miliyan 19.9, kulob ɗinsa na Toronto ya ba da miliyan 18.05, tsakiyarsu ta kama miliyan 18.975, kuma iyakar aikin wakilansa shi ne su nuna cewa ya ɗara wannan ko da dala ɗaya. Sun nuna, ya kwashe miliyan 19.9. Da ya kwaɗaita ya nemi fiye da haka nesa, da tsakiyar ta hau, da hujjarsa ta yi rauni.

Gasar ƙwallon gora ta kan ƙanƙara ta Arewacin Amurka, NHL, ta bi ɗaya hanyar, inda alƙali ke da ikon yanka kowane adadi tsakanin tayin biyu, kuma abin da ake gani a can shi ne tazara mai faɗi tsakanin abin da ɗan wasa ke nema da abin da kulob ke bayarwa. A besbol tazarar takan yi ƙanƙanta har ɓangarorin su ga babu dalilin ɗaukar kasada, su sasanta da kansu. Kowace shekara 'yan wasa fiye da ɗari suna da haƙƙin zuwa sulhu, amma a 2023 guda 19 kaɗai suka kai ga zama, kulob-kulob suka ci 13, a 2024 kuma aka yi zama 15, 'yan wasa suka ci 9. Manyan albashin wannan mataki da yawa ba a ɗakin sulhu aka same su ba: Shohei Ohtani ya daidaita da Los Angeles Angels a kan dala miliyan 30 na kakar 2023, Juan Soto kuma ya daidaita da New York Yankees a kan miliyan 31 na kakar 2024. A ganina wannan ne babban ma'aunin hanyar, wato yawan gardamar da ta mutu kafin a isa ƙofar alƙali.

Idan aka ƙirga tarihin zaman gaba ɗaya, kulob-kulob sun fi 'yan wasa yawan nasara, amma wanda ya tsaya ga wannan ƙidaya zai yi kuskuren lissafi. Ryan Howard na Philadelphia Phillies yana karɓar dala 900,000 a 2007. Da ya je sulhu a 2008 ya nemi miliyan 10, kulob ya ba da miliyan 7, ya kuma ci. Ko da ya faɗi, da albashinsa ya ninka fiye da sau bakwai, domin tsoron faɗuwa ya riga ya tilasta wa kulob ya taya da mutunci. Haka abin yake tun da wuri: Bruce Sutter ya samu dala 700,000 a 1980 lokacin da Chicago Cubs ke ba da rabin haka, Fernando Valenzuela kuma ya kai miliyan guda a 1983. Dalilin shi ne ana auna matashi da albashin na gaba da shi, don haka duk kuɗin da kasuwa ta zuba wa manya sai ya gangaro kan ƙanana. Masu ɗaukar aiki da ke tunanin wannan hanya za ta riƙe musu albashi a ƙasa ya kamata su san cewa masu kulob na besbol sun sha neman a soke ta. Mafitar da ta rage musu ita ce su ƙi sabunta wa ɗan wasa kwantiragi, su sake shi ya tafi, tunda yarjejeniya ta hana rage masa fiye da kashi 20 cikin ɗari na albashin bara.

Illar hanyar kuwa ba a kuɗi take ba. Corbin Burnes, wanda ya lashe kyautar gwarzon masu jefa ƙwallo na rukuninsa a 2021, ya zauna da Milwaukee Brewers a 2023 a kan bambancin dala 740,000, shi yana neman miliyan 10.75, su suna ba da miliyan 10.01. Kulob ya ci, Burnes ya fito ya shaida wa manema labarai cewa an ɗora masa alhakin gazawar kulob na kaiwa zagayen ƙarshe, kuma dangantakarsu ta samu rauni. Shekara guda bayan haka aka mayar da shi Baltimore. Dellin Betances na Yankees ya nemi miliyan 5 a 2017, aka ba shi miliyan 3, sannan shugaban Yankees, Randy Levine, ya bi shi da suka a bainar jama'a bayan an riga an ci shi. Ko Dick Woodson, mutumin farko da ya shiga wannan ɗaki a 1974 ya kuma ci dala 30,000 a kan 23,000 da Minnesota Twins ta taya, 'yan watanni kaɗan ya ƙara a kulob ɗin. Duk wurin da mutane za su ci gaba da aiki kafaɗa da kafaɗa washegarin hukunci, wannan asara ce da ya kamata a sa a lissafi.

Akwai illa ta biyu da ba a cika faɗa ba. Tunda alƙalai ba sa rubuta dalili, kuma kowane ɓangare na iya ƙin amincewa da su a shekara mai zuwa, sukan jingina ga ma'aunin da aka saba. Betances yana cikin fitattun masu jefa ƙwallo na lokacinsa, amma ba shi ne mai rufe wasa ba, wato mai jefa ƙwallon da ake sawa a ƙarshen wasa ya kare nasarar kulob, kuma tsohon ma'auni mai rufe wasa yake biya. Hukuncin shekarar farko kuma shi ne tushen na biyu da na uku, don haka wanda aka tauye sau ɗaya yakan ja tauyewar har ƙarshe. Saboda haka wannan hanya tana aiki ne idan gardamar a kan lamba guda take, idan akwai takwarori da yawa da za a auna da su, kuma idan ɓangarorin biyu suna ganin bayanai iri ɗaya. Inda albashi sirri ne, ko inda gardamar ta haɗa kuɗi da hutu da fansho da sharuɗɗan aiki, tilasta wa alƙali ya haɗiye tayi guda baki ɗaya, da mai kyansa da mummunansa, zalunci ne ga duk wanda ya faɗi, kuma a nan sakar masa hannu ya fi.

Hanya ta biyu a besbol tana hannun alƙalin ƙorafi, wanda aikinsa fassara abin da aka rubuta ne, kuma ita ce ta sauya wasan fiye da kowace. Kafin 1970 kwamishinan gasa, wanda masu kulob ke naɗawa suna biya, shi ne ke raba gardama. Marvin Miller, wanda ya fito daga ƙungiyar ma'aikatan ƙarafa ya shugabanci ƙungiyar 'yan wasa tun 1966, ya samu a yarjejeniyar 1970 cewa wani baƙo mara ɓangare ne zai riƙa yanke hukunci. Curt Flood ya gwada kotu a daidai wannan lokaci, bayan ya ƙi yarda a mayar da shi daga St. Louis zuwa Philadelphia a 1969, amma a 1972 Kotun Ƙolin Amurka ta kayar da shi da ƙuri'a 5 da 3. Abin da kotu ta hana, alƙalin sulhu Peter Seitz ya ba da shi bayan shekara uku da rabi. A Disambar 1974 ya saki Catfish Hunter saboda mai kulob ɗin Oakland, Charlie Finley, ya ƙi biyan dala 50,000 ta hanyar da kwantiragi ya tanada, Hunter mai albashin 100,000 ya tafi Yankees a kan fiye da miliyan 3 na shekara biyar. Ranar 23 ga Disamba 1975, a ƙorafin Andy Messersmith da Dave McNally, Seitz ya yanke cewa sashen da ya ba kulob damar sabunta kwantiragi na shekara ɗaya yana nufin shekara ɗaya tak, ba kowace shekara har abada ba kamar yadda masu kulob suka daɗe suna karanta shi. Ya roƙe su su sasanta kafin ya yi hukunci, suka ƙi, da ya yi kuma suka sallame shi nan take. Kotuna suka tabbatar da hukuncin, yarjejeniyar 1976 ta kafa 'yancin zaɓen kulob bayan shekara shida.

Ƙarfin wannan hanya ya sake bayyana lokacin da masu kulob suka haɗa baki daga 1985 zuwa 1987 suka daina taya 'yan wasan juna, har Andre Dawson ya miƙa wa Cubs kwantiragi fanko su cike abin da suka ga dama, suka rubuta dala 500,000, ya kuma zama gwarzon rukuninsa a wannan kaka. Alƙalai biyu, Thomas Roberts da George Nicolau, suka same su da laifi, a 1990 aka daidaita a kan diyyar dala miliyan 280, ba tare da an rasa wasa ko ɗaya saboda wannan gardama ba. Sai dai alƙalin ƙorafi ba ya wuce rubutu. Cubs ta riƙe Kris Bryant a ƙaramar gasa a farkon kakar 2015 har ya tashi da kwana 171, alhali 172 ne ke cika shekara, abin da ya jinkirta 'yancinsa da shekara guda cur. Kowa ya ga abin da aka yi, amma a 2020 alƙali ya kori ƙorafin, domin ba a iya tabbatar masa cewa kulob ya karya wani sashe na yarjejeniya ba. Wanda ya zaɓi wannan hanya kuma ya sani ƙofar ɗaukaka ƙara ƙanƙanuwa ce ƙwarai: a shari'ar tsohon ɗan wasa Steve Garvey ta 2001 Kotun Ƙoli ta ce ko alƙalin sulhu ya tafka babban kuskure wajen auna hujja, kotu ba za ta maye gurbinsa ba muddin yana cikin huruminsa.

Yajin aiki ya fi su duka tsada, amma babu ɗaya daga cikin haƙƙoƙin da aka ambata da ya zo ko ya ɗore ba tare da shi ba. Yajin kwana 13 na 1972 a kan fansho ne ya nuna wa masu kulob cewa 'yan wasa za su iya tsayawa, kuma shekara guda bayansa aka amince da sulhun albashi. Na 1981 ya cinye wasanni sama da 700 don kare 'yancin da Seitz ya buɗe. Mafi muni shi ne wanda ya fara ranar 12 ga Agusta 1994, lokacin da masu kulob suka nemi sa wa albashi rufi da soke sulhun albashi. Ya ɗauki kwana 232, aka soke wasan ƙarshe na zakarun gasa karon farko tun 1904, kulob ɗin Montreal Expos da ke kan gaba da nasara 74 da faɗuwa 40 ya rasa damarsa, 'yan kallo kuma suka ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar a kakar da ta biyo baya. Shugaba Bill Clinton ya kira ɓangarorin fadarsa a Fabrairun 1995 ya nemi a miƙa maganar ga alƙalin sulhu, abin bai yiwu ba, domin masu kulob sun ƙi yarda baƙo ya yanke musu tsarin harkarsu na shekaru masu zuwa. Mai shari'a Sonia Sotomayor ce ta ba da umarni ranar 31 ga Maris 1995 cewa a koma kan tsoffin sharuɗɗa, sannan aka dawo fili. Har yau besbol ne kaɗai cikin manyan gasanni huɗu na Arewacin Amurka da ba shi da rufin albashi.

Wanda ke zaɓe, to, ya fara tantance irin gardamar da yake tsammani. Idan ta farashi ce da ke maimaituwa kowace shekara, kuma akwai abin kwatance a bayyane, ni zan zaɓi alƙalin da aka ɗaure wa hannu, tare da gyara guda biyu da besbol bai yi ba: a wajabta ɗan taƙaitaccen dalili a rubuce, kuma a bar wa ma'aikaci zaɓin kada ya zauna a ɗakin. Idan ta fassarar alkawari ce ko ta ladabtarwa, alƙali mai sakakken hannu ya fi dacewa, kamar yadda Fredric Horowitz ya rage dakatarwar Alex Rodriguez daga wasa 211 zuwa 162 a 2014, adadin da babu ɓangaren da ya nema. A nan sai a kula da yadda ake naɗawa da sallama, domin a besbol kowane ɓangare na iya korar alƙali, kuma an yi: gasar ta sallami alƙali Shyam Das a 2012 bayan ya soke dakatarwar Ryan Braun, ƙungiyar 'yan wasa ita ma ta sallami Horowitz a 2016. Wa'adi tsayayye da ba a katse shi a tsakiya zai rage wannan tsoro.

Idan kuwa gardamar a kan sauya dokar kanta ce, ƙungiyar da ta sayar da haƙƙinta na yajin aiki don ta samu sulhu ta yi mugun ciniki. Matasan da ba su cika shekara uku ba su ne shaida, domin in ban da kashi 22 cikin ɗari na masu shekara biyu da aka ambata, babu alƙalin da ke da hurumin duba albashinsu komai bajintarsu. Abin da suka samu ya fito ne daga rufe ƙofa na kwana 99, daga 2 ga Disamba 2021 zuwa 10 ga Maris 2022, wanda ya ƙare da ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa dala 700,000 da ware dala miliyan 50 duk shekara a raba wa fitattunsu. Ƙungiyar ta nemi a mayar da haƙƙin sulhu ga masu shekara biyu kamar yadda yake kafin 1985, masu kulob suka ƙi, aka bar shi a inda yake. Wa'adin wannan yarjejeniya shi ne 1 ga Disamba 2026.